Toka, lemon tsami, kanwa ko soson ƙarfe: wanne ya dace da tukunyarki?

Watan Agusta a Garwa, nan arewacin Kamaru, ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Ruwa na sauka, iska ta yi nauyi da danshin Binuwai, kaskon suyar da aka jingine a bayan ƙofar madafa kuwa kafin mako ya zagayo ya yi jawur. A Marwa da Kusuri damina ta fi gajarta, amma can ma tsatsa ba ta ƙyale kowa, ga baƙin itace a gindin tukunya, ga ƙanzon da ya ƙi fita, ga farin dutsen da ruwan wasu rijiyoyi ke bari a cikin buta. Kowace uwargida tana da maganin da ta saba da shi. Wata toka da yashi ta gada daga uwarta, wata lemon tsami da gishiri, wata kuma ta gani a waya ana haɗa bikabonat, farin garin nan da wasu ke kira baking soda, da binega. Kusan dukkansu suna aiki, sai dai ba a kan kowace tukunya ba. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, kafin ki tambayi wane magani ya fi ƙarfi, ki fara sanin da wane ƙarfe aka yi tukunyar, don abin da ke gyara wata shi ke kashe wata.

Hanya mafi sauƙi ita ce mayen ƙarfe, irin wanda yara ke cirowa daga lasifikar tsohuwar rediyo. Idan ya manne ƙam, baƙin ƙarfe ne: kaskon suya, tandar masa ta ƙarfe, wuƙar maƙera, matsami, har da samira, wadda ƙarfe ce aka lulluɓe da fenti mai tauri irin na gilashi. Waɗannan su ne masu tsatsa ta gaskiya, ja mai ɓarɓashi. Idan bai manne ba sam, kuma tukunyar ba ta kai girmanta nauyi ba, alminiyum ce, ko ta zubi da masu sana'a ke yi a bakin kasuwa, ko siririyar nan ta kamfani. Alminiyum ba ya tsatsa. Baƙi yake yi, ko ya fito da fararen ƙuraje. Silba kuwa wani yana kama mayen ƙarfe, wani ba ya kamawa, amma santsinsa da ƙyallinsa sun isa su nuna shi.

Magungunan su ma gida biyu ne. Akwai dangin tsami: lemon tsami, tsamiya, binega, ruwan zoɓo. Aikinsu narkar da tsatsa da farin dutsen ruwa. Akwai dangin kanwa: ita kanta kanwar, toka, bikabonat, omo, da babbarsu, sodar yin sabulu. Su kuma maiƙo da ƙonannen abinci suke ci. Tsami ba ya iya maiƙo, kanwa ba ta iya tsatsa. Yashi da soson ƙarfe ba sa cikin ko wane gida, ƙarfi ne zalla, duk abin da suka tarar kankare shi suke yi, har da jikin tukunyar. Shi ya sa haɗin binega da bikabonat da ake yayi ban ga amfaninsa ba. Kumfar da ke tasowa tana burge ido, amma alama ce ta cewa ɗayan ya kashe kaifin ɗayan, abin da ya rage a kwanon bai fi ruwa mai ɗan gishiri ba. Idan za ki yi amfani da su biyun, ki yi ɗaya, ki ɗauraye, sannan ki bi da ɗayan.

Mu fara da baƙin ƙarfe, tunda shi ne mai tsatsar. Idan sama-sama ce, wadda in kin shafa yatsa za ki ga ja a hannunki amma ƙarfen bai yi rami ba, kada ki ɓata lemonki. Soson ƙarfe da ɗan digon mai sun wadatar, cikin 'yan mintoci ya fita. Nan ne wurin da soson ƙarfe ya fi kowa, kuma baƙin ƙarfe ba ya jin tsoronsa. Lallausan yashin bakin kogi, ko na mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, ga mutanen Marwa, shi ma yana yi, in an tankaɗe tsakuwar an ɗebo shi da ɗanyen tsumma.

Idan kuwa tsatsar ta yi ɓawo, har tana ɓantarowa, to sai tsami, kuma a nan ne zaɓin yake da ɗan tsawo. Lemon tsami ya fi sauri a ƙaramin wuri. Ki raba shi biyu, ki dangwala a gishiri, ki dirje wuƙa ko matsami, ki bar ruwan ya kwanta kamar minti 15, ki sake dirzawa. Kaifinsa bai gaza na binega ba, don sinadarin tsamin da ke cikin ruwansa ya kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Matsalarsa yawa. Babban kaskon tuyar ƙosai zai cinye lemon da ya isa kunun gida na kwanaki, musamman da rani in ya yi tsada. Gishirin kuma in ba a ɗauraye shi tas ba, shi ne zai kira wata tsatsar da ta fi ta farko.

Tsamiya ta fi arha, kuma babu gidan da ake dama kunu a rasa ta. Ki jiƙa dunƙule ɗaya a ruwan ɗumi kaɗan, ki dama ta yi kauri, ki shafe kaskon da ita. Abin da na fi so game da ita shi ne tana manne wa gefen kasko mai gangare, inda ruwan lemo ko binega zai zurare ya taru a tsakiya. Sai dai tana da nawa, takan so awa biyu ko uku, kuma zaƙin da ke cikinta yana barin danƙo, yana jawo kiyashi. Ga wadda ba ta gaggawa, tsamiya ba ta da laifi.

Binega, wadda ake rubuta vinaigre a jikin kwalbarta a shagunanmu, ita nake zaɓa idan kasko ya lalace ciki da baya. A haɗa ta da ruwa rabi da rabi a cikin roba mai faɗi, a nutsa kaskon. Amma tana son ido. Duk rabin awa ki ciro ki goga, da kin ga tsatsar tana saki ki tsame shi. Kada ki bar shi ya kwana a ciki, don in tsatsa ta ƙare, ƙarfen za ta koma ci, gari ya waye ki tarar da ƙananan ramuka waɗanda babu mai cike su. Masu zuba Coca-Cola kuma ba ƙarya suke yi ba, akwai ɗan sinadarin da ke narkar da tsatsa a ciki, amma kaɗan ne ƙwarai, ga sukari, ga kuɗi. Da kuɗin kwalba ɗaya gara ki sayi tsamiya.

Ko da wanne kika yi, aikin bai ƙare a wanki ba, kuma nan ne mafi yawanmu ke yin asara. Ƙarfen da aka cire wa tsatsa tsirara yake, ki bar shi da danshi na ɗan lokaci kaɗan za ki ga ya fara rawaya a gaban idonki. Ki ɗauraye, ki bi da ruwan toka ko na bikabonat don ya kashe sauran tsamin, ki sake ɗaurayewa, nan take ki ɗora a wuta ya bushe ƙarau. Yana da zafi ki shafe shi da mai, ciki da baya. Man gyaɗa yana yi, man auduga irin Diamaor da kamfanin Sodecoton ke tacewa shi ma yana yi. Shafawar ta zama kaɗan, ki bi da busasshen tsumma kamar za ki goge shi duka, sannan ki mayar a wuta har ya yi hayaƙi ya daina. Ki maimaita sau uku. Man da ya ƙone a haka yana zama baƙar riga mai tauri da ke raba ƙarfe da ruwa da iska, ita ce kuma ke hana masa da ƙosai kamawa. In kika labta mai da yawa, danƙo zai yi, ya riƙa kama ƙura.

Akwai wata dattijuwa mai tuyar masa a bakin layinmu. Tandarta baƙa ƙirin ce, tana sheƙi. In ta tashi daga tuya, tsumman da ta ɗaure a kan ɗan kara take tsomawa a mai, ta bi gidajen tandar ɗaya bayan ɗaya tun da ɗuminta, ta kife ta a kan buhu a cikin ɗaki. Omo bai taɓa ganinta ba. Ranar da jikarta ta ɗauko soson ƙarfe da niyyar taimako, daga inda take zaune ta ɗaga murya: "Ke 'yar nan, ajiye mini! Wannan baƙin da kike gani shi ne jarina." Yarinyar ta ce, "Kaka, ai datti ne." Dattijuwar ta kamo hannunta ta shafa mata cikin tandar, santsi kamar an goge, babu abin da ya biyo yatsa. Baƙin da ke biyo yatsa ko yake ɓarɓashi shi ne datti. Wanda ya kwanta lumui a bar shi.

Tukunyar alminiyum ta zubi ita ce ta fi yawa a gidajenmu, ita ce ta tuwo, ita ce ta biki, kuma ita aka fi zalunta wajen wanki. Bayanta da cikinta hukuncinsu daban. A baya, inda hayaƙin itace da maiƙo suka haɗu suka yi kauri, har yau ban ga abin da ya kai toka da yashi ba. Toka tana haɗuwa da maiƙon ta sassauta shi, yashi ya kwashe. Kyauta ne, kuma jikin tukunyar zubi yana da kaurin da zai jure. Soson ƙarfe da sabulu sun fi fito da ƙyalli, don haka wadda ke son tukunyarta ta yi fari tas sai ta fara da toka ta ƙarasa da soso. Siririyar tukunyar kamfani kuwa a rage mata yashi, kullum aka dirje ta ana rage mata kwana. Dabarar iyayenmu ma ta fi duk wannan sauƙi: kafin a ɗora tukunya a murhu, a kwaɓa toka ko laka, ko a jiƙa sabulu, a shafe gindinta da gefenta. Hayaƙin a kan shafen zai zauna, in an zo wanki ruwa kaɗai ya kusa isa.

Cikinta ne nake roƙon a sassauta. Alminiyum yana yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani sosai, wadda ke sa cikin tsohuwar tukunya ya yi dishi-dishi. Ita ce ke tsakanin ƙarfen da abincinki. Duk ranar da kika dirje ciki da yashi har ya yi walƙiya, kin cire ta, kuma baƙin ruwan da ke fita a hannunki jikin tukunyar ne. Dangin kanwa su ma suna cin wannan fatar. Shi ya sa tukunyar da aka dafa wake ko miyar kuɓewa da kanwa takan yi baƙi daidai inda ruwan ya tsaya. Wannan baƙin muni ne kawai. In ya dame ki, ki tafasa ruwa da ɓarin lemon tsami biyu ko uku, ko ɗan tsamiya, na minti 10, zai washe. Ruwan kuma a zubar, kada a ba dabba, kada a yi girki da shi.

Dalilin da ya sa na ce a zubar, kuma kada a mayar da abin al'adar kowane mako, yana da nauyi. Tukwanen zubi daga tarkacen ƙarfe ake narka su: gwangwanaye, sassan injin mota, duk abin da aka samu. A shekarar 2014 an wallafa wani bincike da masana daga jami'ar Ashland ta Amurka suka yi tare da ƙungiyar CREPD ta Yawunde, inda suka gwada tukwane da kayan girki 29 da aka ƙera a nan Kamaru. Da suka tafasa ruwa mai tsamin binega a cikinsu na awa 2, sun tarar dalma tana fita daga jikin ƙarfen ta shiga ruwan. Wanda ya ji labarin yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, kuma yawanta ya fi haka nesa ba kusa ba. Ita dalma a hankali take taruwa a jiki, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi cutarwa. Ba na cewa kowa ta zubar da tukunyarta, na san halin da ake ciki. Amma zoɓo, da kunun tsamiya, da miyar yakuwa ko ta tumatir, kada su kwana a tukunyar zubi. In da hali ma a dafa su a ta silba. Garin neman gira kada a rasa ido: ƙyallin cikin tukunya bai kai lafiyar yaro ba.

Ƙanzo a alminiyum ba ya buƙatar magani. Da kin kwashe tuwo ki zuba ruwa tun tukunyar na da zafi, ki rufe, in ya jiƙa ki bi da muciya ko soson buhu. In ƙonewa ce ta gaske, ki tafasa ruwa da ɗan sabulu, ki bar shi ya huce a ciki. Kada ki jiƙa ta da ruwan kanwa ko na toka ta kwana. Fararen ƙurajen nan masu rami a ƙasansu kuma yawanci aikin gishiri ne da abinci mai ɗanɗano da ya daɗe a ciki, babu wankin da ke mayar da su. Abin da za ki iya shi ne ki riƙa bari ruwa ya tafasa kafin ki zuba gishiri, don kada ya kwanta a gindi.

Silba ita ce ta fi haƙuri, kuma a kanta ne dangin kanwa ke nuna bajinta. Ƙarfe ne da aka haɗa da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana shi tsatsa. In shinkafa ko madara ta ƙone a ciki, ki zuba ruwa lita ɗaya da bikabonat cokali biyu, ki tafasa minti 15, ki bari ya huce, baƙin zai ɗago da kansa. Kanwa tana yin wannan aikin, har ta fi bikabonat kaifi, kuma mu da muke kusa da Tafkin Cadi, inda ake haƙo ta a yankin Kanem, ba ma rasa ta a kasuwa. Illarta ƙasa da yashin da ke cikinta. Ki jiƙa ta a kofi, ki bari ta kwanta, ki tsiyaye ruwan sama ki yi aiki da shi, in ba haka ba za ta yi wa silbar zane. Tsakanin su biyun, na fi son bikabonat ga kayan da nake ji da su, kanwa kuma ga babbar tukunyar da ta sha wuta.

Jajayen ɗigo a jikin silba sau da yawa ba nata ba ne. Soso iri biyu ne a kasuwa: akwai lallausan nan mai kama da gashi, wanda ke yin tsatsa kwana ɗaya bayan ya jiƙa, akwai kuma mai murɗaɗɗiyar waya mai ƙyalli. Na farkon yana barin ɓurɓushinsa a jikin silba, su ne ke yin ja. Kwaɓaɓɓen bikabonat da soso mai laushi, ko ɓarin lemo, yana fitar da su. Launin shuɗi da ruwan hoda da wuta ke bari kuma tsumma da ɗan binega ya ishe shi. Kowane soson ƙarfe kika yi aiki da shi, in ya fara tsinkewa ki jefar, ki kuma ɗauraye tukunya da kyau, don guntun waya a cikin miya yana iya maƙale wa mutum a maƙogwaro.

Samira ba ta son yashi, ba ta son soson ƙarfe, fentinta in ya dushe ya dushe ke nan. Ruwan ɗumi da bikabonat, ko omo, da soso mai laushi. Inda ta ɓantare ta baya har tsatsa ta fito, ki goge da lemo, ki busar, ki ɗiga mai. In ta ciki ce ta ɓantare, fentin zai ci gaba da zuba a abinci, gara ta koma ajiyar gari ko busasshiyar kuɓewa. Tukunyar zamani mai baƙin shafe da ba ta kamu kuwa, ruwa da sabulu da soso mai laushi kawai, in shafen ya fara ɓarewa ta gama aiki. Farin dutsen cikin butar shayi aikin tsami ne: lemo ko binega da ruwa, a tafasa, a zubar, a sake tafasa ruwa zalla a zubar kafin a dafa shayi.

Akwai waɗanda ban sa su a cikin zaɓin ba sam. Ruwan jabel yana kashe ƙwayoyin cuta, yana faranta tufafi, amma ba ya cire tsatsa, ƙara ta yake yi, yana kuma huda silba da alminiyum in ya daɗe a kansu. Mafi haɗari shi ne a haɗa shi da binega ko lemo: iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona ido da huhu, balle a ƙaramar madafa marar taga. Sodar yin sabulu tana cinye maiƙo nan da nan, amma tana cinye alminiyum ɗin ma, tana tafasa a kansa, ga ƙunar fata, ga yara a tsakar gida. Ruwan batir da asid ɗin wanke makewayi, da kananzir, da baƙin man inji da wasu ke shafa wa ƙarfe don hana tsatsa, babu ɗayansu da ya kamata ya taɓa abin da za a ci abinci a ciki.

Wani lokaci kuma tambayar ita ce ko tukunyar ta cancanci wahalar. Kasko mai kauri, ko ya shekara a cikin ruwan sama, in bai ɓule ba yana dawowa. Wanda aka yanko daga jikin ganga ya fi saurin cinyewa, in kin ɗaga shi a rana kin ga haske ta gindinsa, ya gama. In za ki sayi wani, ki tambayi maƙerin me gangar ta ɗauka a da, don a ƙasar noman auduga irin tamu gangunan da suka ɗauki magani ba sa wuyar samu, kuma wanki ba ya tabbatar da sun fita tas. Haka in tukunyar alminiyum ta fara yoyo kika kai wa mai liƙi, ki tsaya ki ga da me zai toshe. In guntun alminiyum zai dasa ya daddake, babu laifi. In dalma zai narka ya ɗiga a ramin, to daga ranar tukunyar ta bar girki, ta koma ɗumama ruwan wanka.